Kurkunu: Cutar da Ake Dab da Shafewa Ba Tare da Magani ko Allura Ba

Gabatarwa

Daga cikin dukkan cututtukan da ke kama ɗan'adam, guda ɗaya tak ce aka taɓa shafewa daga doron ƙasa baki ɗaya, wato agana. A ƙasar Somaliya aka ga mutum na ƙarshe da ya kamu da ita ta hanyar yaɗuwarta ta yau da kullum, cikin shekarar 1977, sa'an nan a 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwar cewa ta ƙare. A ɓangaren dabbobi kuma an yi irin wannan nasara a kan bushiya, cutar da ta sha hallaka garken shanu, wadda aka tabbatar da ƙarewarta a 2011. A halin yanzu akwai wasu cututtuka biyu da masana kiwon lafiya ke fafutukar ganin sun bi wannan sahu, su ne shan inna da kurkunu.

Agana da bushiya da shan inna duk da rigakafi aka yaƙe su, ko dai na allura ko na ɗigawa a baki. Shi kuwa kurkunu ba shi da rigakafi, ba shi kuma da wani magani da za a sha ya kashe shi a cikin jiki. Duk da haka, cutar da aka ƙiyasta tana kama mutum miliyan 3.5 a shekarar 1986, cikin ƙasashe 21 na Afirka da Asiya, mutum 15 kacal aka samu da ita a duniya a 2024. Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda aka yi hakan ta faru, da kuma dalilin da ya sa ɗan ragowar da ya saura ya zame wa masana kimiyya alaƙaƙai, har ya tilasta musu komawa ɗakunan bincike.

Mene ne Kurkunu?

Kurkunu wata farar tsutsa ce siririya, mai kama da zaren taliya, wadda ke rayuwa a cikin naman jikin mutum. Sunanta a kimiyyance shi ne Dracunculus medinensis. Macen takan kai tsawon santimita 60 zuwa 100, wato kusan mita guda, amma kaurinta bai wuce milimita 1 zuwa 2 ba. Namijin kuwa ɗan ƙarami ne ƙwarai, bai cika wuce santimita 4 ba, kuma ba a ganinsa, domin a cikin jiki yake mutuwa. Saboda haka duk kurkunun da aka gani yana fitowa daga ƙafar mutum, mace ce da ta zo zubar da 'ya'yanta.

Cutar tsohuwa ce ainun. An taɓa samun busasshiyar tsutsar a jikin wata gawa daga cikin waɗanda Misirawan dā suka adana shekaru dubbai da suka wuce. A ƙasar Hausa ma dattawa sun san ta sarai, musamman a karkarar da ake dogara da ruwan tafki da kududdufi. Sai dai yawancin yara masu tasowa a yau ba su taɓa ganinta ba, wanda kuma shi ne babbar shaidar nasarar da aka samu.

Zagayen Rayuwar Tsutsar

Duk wanda yake son ya fahimci yadda aka yaƙi kurkunu, wajibi ne ya fara sanin yadda tsutsar ke rayuwa, domin a nan ne lagonta yake. Ga matakan daki-daki:

1. A cikin ruwan da ke kwance, kamar tafki da kududdufi, akwai wasu ƙananan halittu dangin jatan lande da ake kira ƙumar ruwa. Girman kowace bai wuce milimita 1 zuwa 2 ba, saboda haka mai shan ruwa ba ya lura da su. Su ne ke haɗiye 'ya'yan kurkunu idan sun same su suna yawo a ruwa.

2. A cikin cikin ƙumar, 'ya'yan tsutsar sukan sake fata sau biyu. Bayan kimanin mako biyu sai su kai matsayin da za su iya kama mutum.

3. Idan mutum ya sha wannan ruwa, ruwan tsami na cikinsa, wanda ke narkar da abinci, sai ya kashe ƙumar. 'Ya'yan tsutsar kuwa ba su mutuwa. Sai su kuɓuta, su huda bangon ciki ko na hanji, su shige cikin naman jiki.

4. Bayan kimanin wata uku, maza da mata sukan yi barbara. Namijin sai ya mutu, macen kuma ta ci gaba da girma, cikinta na cika da 'ya'ya da yawansu kan kai miliyan 1 ko fiye. Duk tsawon wannan lokaci mutum ba ya jin komai.

5. Wata 10 zuwa 14 bayan shan ruwan, macen takan gangaro zuwa ƙarƙashin fata, galibi a ƙwauri ko idon sawu ko tafin ƙafa. A nan sai bororo ya taso mai raɗaɗi kamar an ɗora garwashi, wani lokaci tare da zazzaɓi da tashin zuciya da ƙaiƙayi.

6. Wannan raɗaɗi shi ke sa maras lafiya ya nemi ruwa ya tsoma ƙafarsa don ya sami sassauci. Da zarar tsutsar ta ji ruwa, sai ta feso wani farin ruwa mai kama da madara, wanda ke ɗauke da dubun dubatar 'ya'yanta. Daga nan zagayen ya sake sabo.

Mai karatu ya lura da abubuwa uku a nan. Na farko, 'ya'yan tsutsar ba su iya kama mutum kai tsaye, sai sun bi ta cikin ƙumar ruwa, kuma in ba su sami ƙumar da za ta haɗiye su ba cikin 'yan kwanaki, mutuwa suke yi. Na biyu, tsutsar ba ta hayayyafa ta sake wani zagaye a jikin mutum guda. Sai ta fito ruwa. Na uku, zagayen duka shekara guda ne. Ma'anar wannan ita ce, idan mutanen wani ƙauye suka yi shekara guda cur babu wanda ya sha ƙuma mai ɗauke da cutar, ko kuma babu mai kurkunun da ya shiga ruwan shansu, to cutar ta ƙare a wannan ƙauye, sai fa in wani ya sake kawo ta daga waje.

Yadda Aka Gano Sirrin

Mutane sun daɗe suna zargin cewa kurkunu na da alaƙa da ruwa, amma da yawa sun ɗauka ta fata yake shiga yayin wanka ko tafiya cikin ruwa. Wani masanin halittu ɗan ƙasar Rasha, mai suna Alexei Fedchenko, shi ne ya fara gano 'ya'yan tsutsar a cikin ƙumar ruwa, wajen shekarar 1870, lokacin da yake bincike a tsakiyar Asiya. Daga bisani, a 1905, wani likita ɗan Birtaniya, Robert Leiper, ya gudanar da gwaje-gwaje a birnin Akara na ƙasar Gana ta yau. Ya zuba wa ƙumar ruwan tsami mai rauni irin na cikin mutum, sai ya ga ƙumar ta mutu, 'ya'yan tsutsar kuma sun fito da ransu. Ya kuma ciyar da biri ƙuma mai ɗauke da cutar, bayan watanni ya tarar da tsutsotsin a jikinsa. Da haka aka tabbatar cewa ta baki cutar ke shiga.

Abin lura shi ne, an san wannan sirri tun farkon ƙarni na 20, amma sai da aka yi shekara kusan 80 kafin duniya ta tashi tsaye. Dalili kuwa a fili yake: cuta ce ta talakawan karkara da ke nesa da birane da asibitoci, waɗanda ba a cika jin kukansu ba.

Ɓarnar da Kurkunu Ke Yi

Kurkunu ba ya cika kisa, amma yana kwantar da mutum. Hanyar cire shi har yau ita ce wadda kakanninmu suka sani: a naɗe kan tsutsar a jikin tsinke ko ƙyallen bandeji, a riƙa jawo ta a hankali, santimita kaɗan a kowace rana. Wannan aiki kan ɗauki makonni. Idan aka yi garaje tsutsar ta tsinke, sauran jikinta sai ya koma ciki, wurin ya kumbura ya yi ruwa. Sau da yawa ƙwayoyin cuta kan shiga ta bakin gyambon, wani lokaci har da na tetanas, cutar nan mai sandarar da jiki ta sarƙe haƙora. Idan kuma tsutsar ta ratsa ta gaɓa, kamar gwiwa, gaɓar na iya ƙagewa har abada. Bugu da ƙari, jiki ba ya samun kariya bayan ya warke, saboda haka mutum na iya kamuwa kowace shekara, wani ma da tsutsa biyar ko goma a lokaci guda.

Babbar musibar ita ce lokacin da cutar ke zuwa. A yankin Sahel, wato irin arewacin Nijeriya da Nijar da Mali, da damina ne tafkuna ke cika mutane su koma shan ruwansu, saboda haka da daminar baɗi tsutsar ke fitowa, daidai lokacin noma. Manomin da ya kwanta wata biyu a tsakiyar damina, gonarsa ta zama ta ciyawa. Shi ya sa Dogon na ƙasar Mali ke yi wa kurkunu laƙabi da cutar da ke barin rumbu wayam. Uwa ba ta iya ɗawainiyar jaririnta, yara kuma su daina zuwa makaranta, ko don sun kamu ko don sun maye gurbin iyayensu a gona.

Dabarun Yaƙin

Tunanin shafe kurkunu ya samo asali ne a Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka da ke birnin Atlanta, a 1980, lokacin da Majalisar Ɗinkin Duniya ke shirin keɓe shekarun 1981 zuwa 1990 domin samar da tsabtataccen ruwan sha. Ɗaya daga cikin jagororin wannan tunani shi ne Dokta Donald Hopkins, wanda ya yi aikin yaƙi da agana a Saliyo. A 1986 Babban Taron Lafiya na Duniya ya amince da ƙudurin kawar da cutar, kuma a wannan shekara ce Cibiyar Carter, wadda tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ya kafa, ta karɓi ragamar aikin tare da gwamnatocin ƙasashen da abin ya shafa, da Hukumar Lafiya ta Duniya, da Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya.

Da yake babu magani, sai aka dubi zagayen rayuwar tsutsar, aka datse shi a duk inda zai datsu:

Tace ruwa. Tun da ƙumar ruwa tana da ɗan girma, ƙyalle mai ƙananan idanu ya isa ya tare ta. An raba wa gidaje ƙyallayen nailan da ake ɗaurawa a bakin randa. Makiyaya da matafiya kuma aka ba su wani ɗan bututu mai raga a bakinsa, wanda ake ratayawa a wuya, a zuƙi ruwa da shi kai tsaye daga tafki. A shekarar 2001 kaɗai an raba irin wannan bututu fiye da miliyan 9 a Sudan.

Killace mai cutar. A kowane ƙauye an horar da ɗan sa kai daga cikin mutanen garin. Aikinsa shi ne ya gano mai kurkunu kafin tsutsar ta yi awa 24 da fitowa, ya wanke ciwon ya ɗaure, ya tabbata maras lafiyar bai shiga tafki ba, sa'an nan ya aika da rahoto kowane wata.

Kashe ƙumar. Akan zuba wani magani mai suna Abate a tafkin da ake zargi, sau ɗaya a kowane mako huɗu. A ma'aunin da ake zuba shi yana kashe ƙumar ba tare da ya cutar da masu shan ruwan ba.

Samar da ruwa mai kyau. Rijiyar burtsatse, ko rijiya mai dakali wadda ba a shiga cikinta da ƙafa, ita ce maganin dindindin, sai dai tana da tsada.

Wayar da kai. Wannan shi ne ginshiƙin sauran duka. Mutanen da suka gaji imanin cewa kurkunu jijiya ce ta jiki, ko sammu ne, ko gado, ba za su ɗauki wahalar tace ruwa ba sai sun gamsu. Ma'aikata kan tace ruwan tafki a gaban jama'a, su juye abin da ƙyallen ya tare a cikin kofin gilashi, kowa ya ga ƙumar tana tsalle da idonsa. Hausawa sun ce gani ya kori ji.

Irin Nasarar da Aka Samu

Pakistan ta ga ƙarshen cutar a 1993, Indiya kuma a 1996. A Afirka aikin ya fi tsawo. Lokacin da Nijeriya ta yi ƙidayar farko, ƙauye-ƙauye, tsakanin 1988 da 1989, an sami mutum fiye da 650,000 da ke fama da kurkunu, adadin da ya fi na kowace ƙasa a duniya. Tun daga 1999 tsohon shugaban ƙasa Janar Yakubu Gowon ya shiga aikin, yana zagaya ƙauyuka yana kuma matsa wa gwamnoni lamba su haƙa rijiyoyi. An ga mai cutar na ƙarshe a Nijeriya cikin watan Nuwamba na 2008 a Jihar Inugu, kuma a watan Disamba na 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba Nijeriya da Jamhuriyar Nijar shaidar rabuwa da kurkunu. Gana, wadda ta ƙirga kimanin mutum 180,000 a 1989, ta ga na ƙarshe a 2010, ta sami tata shaidar a 2015. A Mali, Janar Amadou Toumani Touré ya taka irin rawar da Gowon ya taka. A Sudan kuwa, inda yaƙin basasa ya hana ma'aikata shiga kudanci, Carter ya shawo kan ɓangarorin biyu suka tsagaita wuta na kusan wata shida a 1995, domin a kai kayan tace ruwa da sauran ayyukan lafiya.

Ba a ba ƙasa wannan shaida sai ta yi aƙalla shekara uku a jere ba a sami ko mutum ɗaya da ya kamu a cikinta ba, alhali ana sa ido sosai, har da ba da ladan kuɗi ga duk wanda ya kawo labarin mai cutar. Ya zuwa yanzu ƙasashe da yankuna 200 sun sami shaidar.

Abin da Ya Ɓullo a Cadi

Duk wannan shiri an gina shi ne a kan wani muhimmin zato, cewa jikin mutum kaɗai ne mafakar kurkunu. Masana sun san an taɓa ganin tsutsar jefi-jefi a jikin karnuka, alal misali a Bukhara ta tsakiyar Asiya, amma a irin waɗannan wurare da cutar ta ƙare a jikin mutane sai ta ɓace a jikin karnukan ma. Saboda haka ba a ɗauki lamarin da muhimmanci ba.

Ƙasar Cadi ce ta rushe wannan zato. Bayan shekara 10 ba a ba da rahoton kowa ba, sai ga cutar ta sake bayyana a 2010. Yanayin bayyanarta kuma ya ɗaure wa masana kai. A al'ada, idan tafki ya gurɓata, mutane da yawa ne ke kamuwa a ƙauye guda, kuma baɗi a sake gani a wannan ƙauyen. A Cadi kuwa sai a sami mutum ɗaya a nan, wani ɗaya can nesa, babu abin da ya haɗa su, baɗi kuma a gani a wasu ƙauyukan dabam. A 2012 aka tabbatar da cewa karnukan gida da ke ƙauyukan masunta a bakin Kogin Shari suna fitar da tsutsar. Da aka tsananta bincike sai adadin ya riƙa hawa, har ya kai karnuka 1,935 a 2019, shekarar da mutanen da suka kamu a duniya duka ba su wuce 54 ba. An kuma sami tsutsar a jikin kyanwoyi, da karnuka a Mali da Angola da arewacin Kamaru kusa da iyakar Cadi, da kuma gwaggon biri a yankin Gambela na ƙasar Habasha.

Tambayoyin da Masana Suka Bi

Tambaya ta farko ita ce, shin tsutsar kare da ta mutum iri ɗaya ce? Akwai wasu 'yan'uwan kurkunu da ke kama namun daji da macizai kawai, waɗanda a ido ba a iya bambanta su da shi. Sai masana suka tattara tsutsotsi daga jikin mutane da karnuka, suka kwatanta ƙwayoyin halittarsu na gado. Sakamakon ya nuna cewa jinsi ɗaya ne. Ke nan karen da ya shiga tafki da tsutsa a ƙafarsa na iya jawo wa mutanen gari cutar baɗi.

Tambaya ta biyu, ta yaya karnukan ke kamuwa da yawa haka? Masana sun lura cewa a ƙarshen rani, idan ruwan kogi ya janye ya bar tafkuna, masunta kan yi gagarumin su, su fafe kifi su watsar da kayan cikinsa, karnuka su cinye. Ƙananan kifaye kuwa ƙumar ruwa na daga cikin abincinsu. Gwaje-gwajen da aka yi a Jami'ar Jojiya ta Amurka sun nuna cewa 'ya'yan kurkunu na iya zama da rai na ɗan lokaci a hanjin kifin da ya ci ƙumar, kuma suna iya shiga naman talibambam su zauna har ya zama kwaɗo. A 2016 aka ba da rahoton samun ɗan tsutsar a jikin wani kwaɗo da aka kamo a Cadi. Masu bincike na Jami'ar Eksita ta Ingila kuma suka rataya wa karnuka wata na'ura a wuya, mai nuna duk inda suka je ta hanyar tauraron ɗan'adam, sa'an nan suka auna sinadaran da ke cikin gashin bakinsu, domin abin da dabba ta ci yakan bar alama a gashinta. Sun gano cewa karnukan da suka fi cin kifi sun fi kamuwa. Wannan ya kuma ba da haske a kan mutanen da ke kamuwa ɗai-ɗai: mai yiwuwa ne wasunsu ta cin kifin da bai dahu ko bai gasu sosai ba suka ɗauka.

Wannan ilmi ya haifar da sababbin dabaru. Ana koya wa masunta su binne kayan cikin kifi ko su ƙone. Ana ɗaure karnuka da kyanwoyi a gida duk tsawon watannin da cutar ta fi yaɗuwa, tun kafin a ga tsutsa a jikinsu, ana kuma taimaka wa masu su da abincin da za su ba su. An faɗaɗa zuba Abate. Sakamakon haka, yawan karnukan da suka kamu a Cadi ya sauko ƙasa da 500 a 2023. Har wa yau ana ci gaba da neman maganin da zai kashe tsutsar a jikin kare, da kuma gwajin jini da zai nuna kamuwa tun kafin ta fito.

Me Ya Sa Ragowar Ta Fi Wuya?

An sa ranar gama wannan aiki sau da dama ana ɗagawa. Da farko an ce ƙarshen 1995. Yanzu Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa 2030, kuma sharaɗin shi ne cutar ta ƙare a jikin mutane da dabbobi gaba ɗaya. Alƙaluman shekarun baya-bayan nan sun nuna yadda abin ya cije: mutum 27 a 2020, 15 a 2021, 13 a 2022, 14 a 2023, sai 15 a 2024.

Dalilan suna da yawa. Dabba ba ta jin wa'azi, kuma in ana iya ɗaure kare, ba a iya ɗaure gwaggon birin da ke cikin daji. Wuraren da cutar ta rage, irin su tsakiyar Mali da sassan Sudan ta Kudu, suna fama da rashin tsaro da ke hana ma'aikata shiga. Sa'an nan da yake shekara guda ake yi tsakanin kamuwa da bayyana, kuskuren bana sai baɗi ake ganinsa. A 2017, alal misali, mutum 15 suka kamu a Habasha, dukkansu 'yan ƙwadago da suka sha ruwan wani tafki a wata babbar gona shekara guda kafin nan. A Angola kuwa, ƙasar da ba a taɓa sanin tana da kurkunu ba, an gano shi a 2018. Daɗin daɗawa, kuɗin da ake kashewa wajen sa ido a dubban ƙauyuka domin neman mutum goma sha wani abu yana da yawa, har wasu na tambayar ko bai fi kyau a karkatar da shi ga zazzaɓin cizon sauro ba. Amsar masu aikin ita ce, tsutsa guda na ɗauke da 'ya'ya miliyan, in aka sassauta cutar za ta dawo, amma in aka ƙarasa ta, an huta da kashe mata kuɗi har abada. Jimmy Carter ya taɓa bayyana fatan kurkunu na ƙarshe ya riga shi mutuwa. Ya rasu a watan Disamba na 2024 yana da shekara 100, aikin bai kammala ba tukuna.

Kammalawa

Tarihin kurkunu ya koya wa masana kiwon lafiya cewa sanin yadda cuta ke yaɗuwa makami ne da kan iya tsayawa a madadin magani, muddin ilmin ya kai ga mutanen da abin ya shafa, su kuma suka karɓe shi. Ya kuma nuna cewa lafiyar mutum a haɗe take da ta dabbobinsa da ta ruwan da suke sha tare, abin da a yau ake la'akari da shi wajen nazarin cututtuka irin su zazzaɓin Lasa da murar tsuntsaye da haukan kare.

Ga mu da ke Nijeriya da Nijar, shaidar 2013 ba ta ɗauke mana nauyin sa ido ba, domin muna maƙwabtaka da Cadi da Kamaru da Mali, kuma masunta da makiyaya da fatake na ƙetare iyakokin nan kullum. Duk wanda ya ga farar tsutsa na fitowa daga fatar mutum ko ta kare, to ya hana shi kusantar ruwa, ya kuma sanar da asibiti mafi kusa nan take.

Malaman kimiyya na iya nuna wa ɗalibansu ƙumar ruwa cikin sauƙi. A ɗebo ruwan kududdufi da guga mai igiya, kada kowa ya shiga ciki saboda tsargiya. A tace shi da farin ƙyalle mai ƙananan idanu, a ɗauraye abin da ƙyallen ya tare a cikin kofin gilashi, a ɗaga shi wajen haske. Za a ga wasu fararen ɗigo-ɗigo suna tafiya da tsalle-tsalle, kuma gilashin ƙara girma zai nuna ƙahonninsu da idonsu guda ɗaya. A tuna wa ɗalibai cewa ƙyalle na tare ƙuma, amma ba ya tare ƙwayoyin kwalara da na taifot, waɗanda sai an tafasa ruwa ko an sa masa sinadarin kulorin suke mutuwa. Bayan an gama, kowa ya wanke hannunsa da sabulu.